Birkin Hannun Kaka Martina

"…da gajiyar jiya kuma, matata?"

"Gajiyar me? Ni na wuni ina wanke motar mutane kamar za a yi mata baftisma? Lafiya lau, mijin wahala. Wannan rigar fa, kai ka sa ta ko ita ce ta haɗiye ka?"

"Kwat ke nan, Kaka. Ta zuwa gidan surukai."

"Mai ita yana da rai, ko haka aka binne shi ba riga?"

Safiyar Asabar ce, cikin daminar 1989, a wata unguwa da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Kaka Martina tana zaune a ƙofar gida, ta ɗaura kallabinta na zumuntar mata. Jikanta Andrawus yana tsaye a gabanta, a bayansa kuma ga a-kori-kurar maigidansa Kambai, wadda aka ba shi aro na wuni ɗaya. Shekara huɗu Andrawus ya yi yana kwandasta, wata biyar ke nan da ya samu lasin.

Manchok za su, gidan Baba Silvanus, mahaifin Yemima. Tun da babbar mota ta kife da ƙanensa a wani gangare, Baba Silvanus ya ce ba zai ba direba 'yarsa ba. Dattawan majami'a sun yi ta kai da komowa, da ƙyar ya sassauta, amma da sharaɗi: yaron ya ɗauko Kaka Martina a mota, ya kawo ta kafin ƙarfe sha biyu, ita kuma ta faɗi da bakinta yadda ta ga tuƙinsa. Ya zaɓe ta ne domin kowa ya san ba ta ƙarya. Ko fasto, kafin ya tambaye ta yadda wa'azinsa ya yi, sai ya shirya zuciyarsa tukuna.

"Kaka, don Allah yau ki rufa mini asiri. Abin da kika faɗa shi ke nan."

"Ai kaina zan taimaka. Shekara ashirin da biyar ina ciyar da miji, ko gishiri bai taɓa kawowa ba. In na samu wadda za ta karɓe ka, har kaza zan kai majami'a ta godiya. Amma ƙarya kam babu. In ka yi tuƙi kamar alade ya tsinke igiya, haka zan faɗa."

"To, tashi mu kama hanya. Ina tulun kunun?"

Kaka ta nuna masa tulun kunun acca da ta dama wa surukai, sannan ta naɗe tsumma ta yi gammo ta ɗora a ka.

"Ɗora mini."

"In ɗora miki a ina?"

"A hanci ake ɗaukar tulu a garinku? Zan tsaya a bayan motar da shi a ka, kai kuma ka ja."

"Kaka!"

"Shekara sittin ina ɗauko tulu daga rafi, ɗaya tak na taɓa fasawa, shi ma kakanka ne ya yi mini fito ina budurwa na waiwaya."

"Saurara ki ji. Duk abin da ke tafiya, so yake ya ci gaba da tafiya. In na taka birki, motar ce za ta tsaya, shi tulu bai san an yi ba. Wucewa zai yi abinsa, ya riga mu isa Manchok."

"Ai ya yi kyau. Sai ya gaishe su, ya ce muna tafe."

"Ke ma bin sa za ki yi."

"Wa zai tura ni?"

"Ba kowa. Gudun da ke jikinki ne."

"Gudu a jikina? Rabona da gudu tun ranar da bijimi ya shigo kasuwa, lokacin ko uwarka ba ta yi haƙori ba. Wannan ba labarin mota ba ne, labarin bakinka ne. Tun da ya fara tafiya kana wata goma, har yau ba a samu mai tsayar da shi ba."

An ɗauki lokaci kafin ta haƙura. Andrawus ya zaunar da tulun cikin tsohuwar taya, ya jingina shi da bayan kan mota, ya ɗaure da igiya. Kaka ta tsinko ganyen mangwaro ta zuba a saman kunun.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Don kada ya yi ta rawa yana zuba. Ba a rubuta muku a littafin lasin ba?"

"Babu."

"To, ka mayar musu da shi, ba su gama rubutawa ba."

Da ta shiga gaba ta zauna, sai ya jawo bel zai ɗaura mata. Ta buge masa hannu.

"Ni akuya ce za ka kai kasuwa?"

"Akuya ai tana da mai saye."

"Ka ji ɗan banza!"

"Kaka, da kike goya ni, me kike ɗaure ni da shi?"

"Majanyi. Har biyu, don ka cika mutsu-mutsu."

"Me ya sa?"

"Don in na yi tuntuɓe kada ka wuce ta saman kaina."

"To, wannan majanyin mota ne."

Kaka ta dubi bel ɗin, ta dube shi. "Wato motar Kambai ce za ta goya ni? Da furfurata?" Ta ɗaga hannu ta bar shi ya ɗaura. "To, in na yi mata fitsari a baya kada a yi kuka da ni. Haka ka yi mini."

Andrawus ya tada inji, zai sa giya, ta ce ya dakata. Ta buɗe jakarta ta ciro ƙananan tutoci biyu, ja da kore, duk sun koɗe. Na marigayi mijinta ne, Yafet, wanda ya shekara talatin yana gadin jirgin ƙasa. Shi ke zama a taragon ƙarshe, da tutocinsa da nasa birkin na murɗawa da hannu.

"Ba jirgin da ke tashi sai gadi ya ɗaga kore."

"Wannan mota ce."

"Jirgi ne da bai samu abinci ba yana ƙarami."

Ta leƙa ta taga, ta duba gaba, ta duba baya, ta jira wata kaza ta gama tsallakawa, sannan ta kaɗa koren. Agogon da Andrawus ya aro tare da kwat ya nuna sha ɗaya saura kwata. Suka tashi.

Ba su ko fita gari ba ta ce, "Fara taka birki."

"Me kika gani?"

"Ba a Manchok za mu tsaya ba?"

"Kaka, ko gidan mai ba mu wuce ba!"

"Kakanka in jirgi zai tsaya a Manchok, tun daga Kagoro yake sa hannu a birki. Da kamar wannan abin ne, da tun jiya ya fara."

"Shi jirgi nauyin gari guda gare shi. Abu mai nauyi in ya ɗauki gudu, ya fi wuyar tsayarwa."

"Ni kake yi wa habaici?"

"Ke? Ke ai ko atishawa aka yi a gabanki kin tsaya."

"Na gode. Kai kuma da wannan kan naka, da a gangare aka haife ka da har yanzu kana mirginawa." Ta ɓare goro, ta ci rabi, ta ajiye rabin a saman allon da ke gabanta. Idonta ya sauka kan wata sanda da ke tsakanin kujerunsu. "Wannan fa?"

"Birkin hannu ne. Kada ki taɓa."

"Au, na gadi."

"Babu gadi a mota, Kaka."

"Shi ya sa kullum kuke cikin rami. Mutum ɗaya ga sitiyari, ga giya, ga birki, ga tunanin budurwa. Hannu ɗaya yana ɗaukar jinka?"

Da suka bar gari hanya ta ɗan gangara zuwa wata 'yar gada. Wata babbar mota ta taho daga gaba tana ta zuba oda, hankalin Andrawus duk yana kanta. Kaka ta ga gangare, ta ga gada, ta ga direba bai waiwayi gadi ba. Sai ta yi abin da matar gadi za ta yi: ta kama sandar nan ta ja sama. Ƙarar babbar motar ta haɗiye ƙarar sandar. Da suka haye gada ta danna don ta mayar da ita, sanda ta ƙi komawa, domin ba ta san akwai maɓallin da ake latsawa a bakinta ba. Ta danna da hannu biyu, ko gezau. Sai ta ja gefen zaninta ta rufe, ta ɗora jaka a kai, ta kama kallon gonaki. Fitilar da ya kamata ta tona mata asiri kuwa ta mutu tun kafin Kambai ya sayi motar.

Mota ta fara nishi. Andrawus ya ƙara taka totur, ta ƙara nishi.

"Ikon Allah. Jiya fa lafiya lau take."

"Ko ba ta son wanka ne? Akwai masu yin zazzaɓi in an yi musu."

"Kaka, me kika ci da safe?"

"Ɗazu ka ce atishawa tana tsayar da ni, yanzu kuma ni ce nauyi?"

Wani tsoho a kan keke, da doya ɗaure a baya, ya zo ya jera da su. Ya gaishe da Kaka, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya yi mata ta'aziyyar wata rasuwa ta bara, sannan ya ba su haƙuri ya ce sauri yake yi, ya wuce.

"Ka ga wancan? Da shi na aura da yanzu na isa."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarasa karin maganar mana, ko ita ma lasin ɗinka bai kai can ba?"

Sun wuce Kagoro, dutsen garin yana tsaye a gefensu da gajimare a kansa, sai Andrawus ya fara shinshina.

"Kina jin ƙauri?"

"Ko masara ake gasawa?"

"A ina? Ba kowa a nan."

"Ko mai kwat ɗin ne ya biyo kayansa?"

Andrawus ya duba madubi, ya ga hayaƙi yana fita ta ƙafar baya. Bai yi gaggawa ba. Ya kunna sigina, ya sauka gefen hanya a hankali, ya kashe inji. Ya kai hannu zai ja birkin hannu, ya ji jaka. Ya ɗaga jaka, ya ga zani. Ya ɗaga zani, ya ga sanda a tsaye kamar ɗan makarantar da ya san amsa.

"Kaka, wa ya ja wannan?"

"Dubi dutsen can. Ka san a can aka haifi kakar kakarka?"

"Wa ya ja?"

"Wace irin tambaya ce wannan ga matar aure a bakin hanya?"

"Ke fa ba kya ƙarya."

"Shi ya sa ban amsa ba."

Ya fita ya sa dutse a bayan taya. Zai karyo ganye ya jera a kan titi, kamar yadda direbobi ke yi in mota ta lalace, sai ya ga Kaka ta riga ta fito ta tsaya a bayan mota da jar tuta a sama, fuskar nan a ɗaure kamar tana tsare jirgin gwamna. Ya tsuguna ya tofa yawu a ƙarfen da ke cikin ƙafar baya. Ya yi "tsss", ya ɓace.

"Wa ya hura wuta a ciki?" in ji Kaka.

"Ke."

"Da wane ashana?"

"Goga tafin hannunki da ƙarfi. Me kika ji?"

"Ɗumi."

"To, haka birki yake. Shi gudu ba ya ɓacewa haka kawai. In ka hana shi tafiya, sai ya koma zafi. Tun daga gada injin yana cewa mu je, ke kina cewa a'a, faɗan nasu ne ya zama wuta."

"Ashe! Shi ya sa da kana yaro in na hana ka zuwa kallon ƙwallo sai jikinka ya yi zafi. Ni kuma ina ta ɓarnar magani." Ta matso ta kara hannu. "Tun da an riga an hura, bari in roƙi masara biyu a gonar can."

"Kaka, aurena ne fa ke ƙonewa."

"To, a zuba masa kunu ya huce."

"Tukunyar da ke kan wuta, in kika sheƙa mata ruwan sanyi, yaya take yi?"

"Ta tsage."

"To."

"Sai me za mu yi?"

"Jira. Birki in ya yi zafi ba ya kamawa. Ga gangare a gabanmu, ga kwana. Ba zan ɗauke ki a haka ba."

Suka zauna a gindin wata ɗorawa. Agogo ya nuna sha ɗaya da minti ashirin, ya koma da rabi, ya koma sha biyu saura kwata. Can nesa jirgin Jos ya yi kuka ya wuce. Kaka ta tashi tsaye don girmamawa, ta koma ta zauna. Aka fara yayyafi. Ta kama naɗe jar tuta tana warwarewa.

"Andrawus."

"Na'am, matata."

"Silvanus fa in ya ce sha biyu, sha biyu yake nufi. Na san shi tun yana yawo ba wando."

"Na sani."

Sha biyu saura minti biyar ya sake tofa yawu, yawu ya zauna lafiya. Ya nuna mata maɓallin, ya latsa, sanda ta kwanta. Ya ɗaura mata bel, ya ja mota kaɗan ya taka birki, ya sake ja ya sake takawa, sai da ya gwada sau uku.

"Rawa muke yi ko tafiya?"

"Tambayar birkin nake ko ya huce."

"Ya huce! Ni ce ban huce ba. Ga kore, ga kore, taka!"

"Ba ke ce kika ce in fara birki tun daga gida ba?"

"Waccan matar ta ɗazu ce, ba ta da hankali. Taka, mijina, taka! In ka kai ni cikin minti biyar zan ce wa Silvanus mala'ika ne ya tuƙo ni."

"In na yi abin da kike so, mala'ikun ne za su karɓe mu."

"Matsoraci! Kakanka ya taɓa kai jirgi Jos kafin hayaƙinsa ya bar Kafanchan."

"Shi da yake can baya yana riƙe da birki?"

"Da ido yake tura shi."

"Kaka, titi ya jiƙe, ga jan laka da motocin gona suka fito da shi. Taya ba ta da abin kamawa. Kuma in na ninka gudu sau biyu, filin da zan nema kafin in tsaya ba sau biyu zai ninku ba, sau huɗu ne."

"Wane malamin lissafi ne ya cuce ka? Biyu ta haifi huɗu?"

"Biyu sau biyu nawa ne?"

"Huɗu."

"To."

"Kada ka ƙara ce mini 'to'. Tun safe kake jifana da 'to'. Ɗan ƙara kaɗan mana, ko don Yemima."

"Don Yemima ne ba zan ƙara ba."

Ya sauya zuwa ƙaramar giya suka fara gangara, injin yana riƙe motar. Kaka tana ta tura allon gabanta da hannu biyu wai tana taimaka wa mota, tana kiransa kunkuru, tana kiransa hawainiya, ta ce ko gawa ake kaiwa an fi haka sauri, domin ita ana jiranta. Suna shan kwana, sai ga wata ƙatuwar aladiya a tsakiyar titi, da 'ya'ya bakwai a jere a bayanta, da wata mata da sanda tana bin su. Andrawus ya taka birki, ba da fushi ba, ya riƙe sitiyari sosai. Mota ta ɗan ja ƙafa a laka, ta tsaya. Tsakaninta da ɗan autan aladiyar bai fi taku biyu ba.

Bel ya riƙe Kaka a ƙirji. Rabin goron nan kuwa ya tashi daga inda yake, ya daki gilashi, ya faɗo a cinyarta.

"Yesu Mai Ceto!" Ta dafe ƙirji. Can ta ɗauki goron ta juya shi. "Wa ya jefa wannan?"

"Ba kowa. Bai san an tsaya ba."

"Da tulu ne a kaina fa?"

"Da yanzu aladu suna shan kunun surukai."

Ta waiwaya ta leƙa ta gilashin baya. Tulu yana zaune cikin tayarsa, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ƙirga 'ya'yan aladiyar har suka gama tsallakawa, bakwai cif. Ta shafa bel ɗin kamar mai shafa kan jariri.

"Motar Kambai ta iya goyo," ta ce. Daga nan har Manchok koriyar tuta tana kan cinyarta, ba ta ƙara ɗaga ta ba.

Sha biyu da rabi suka isa. Baba Silvanus ya riga ya sa a mayar da kujerun baƙi cikin gida. Yana tsaye a ƙofa da fartanya a kafaɗa, zai tafi gona. Ta bayan danga ana hango kallabin Yemima, ba ya motsi. Dattijon ya durƙusa ya gaishe da Kaka, sannan ya dubi Andrawus.

"Ƙarfe nawa na ce?"

"Sha biyu, Baba."

"Me ya faru?"

"Birki ne ya yi zafi, Baba, na tsaya ya huce. Laifina ne, direba ne ya kamata ya san abin da ke cikin motarsa."

"Ji munafuki!" in ji Kaka. "Har laifin nawa ma sai ka ƙwace? Silvanus, kai ka ce in zo in faɗi abin da na gani, to buɗe kunnenka. Ni na ja birkin, na ɓoye da zani. Wannan yaron kuwa, ban taɓa shiga motar mutum mai taurin kai irinsa ba. Ɗaure ni ya yi kamar akuya. Ya hana ni ɗaukar tuluna. Mai keke ya wuce mu da doya, har ta'aziyya ya yi mini. Ya zaunar da ni gindin ɗorawa muna jiran ƙarfe ya huce, alhali yana kallon agogo yana cin aurensa. Da muka tashi na roƙe shi ya yi gudu, na zage shi, na haɗa shi da kakansa, na haɗa shi da 'yarka, ya ƙi. Wai titi ya jiƙe, wai biyu tana haifar huɗu. Aladiya da 'ya'yanta bakwai suka shiga gabansa, ko wutsiya bai taka ba, ga shi mun zo hannu biyu babu nama. In mai sauri kake nema wa Yemima, wannan ba shi ba ne. Ranar haihuwa ma sai yaron ya fara rarrafe kafin su isa asibiti."

Baba Silvanus ya nufi wajen motar. Ya zagaya bayan mota, ya duba igiyar tulu, ya leƙa ciki ya ga ganye a kwance a kan kunu. Ya dawo.

"Mama, kin ce ya san lokaci yana wucewa?"

"Agogo a hannunsa, na aro ma."

"Kuma bai ƙara gudu ba?"

"Ko na kunkuru mai ciwon ƙafa."

Dattijon ya daɗe yana kallon titin da suka fito. Sannan ya sauke fartanya ya jingina ta da bango.

"Yemima! Fito da kujerun nan. Ki kawo ƙoƙuna kuma, kunu ya iso."

Kallabin da ke bayan danga ya ɓace da gudu. Andrawus ya juya wajen mota kamar mai duba taya, ya goge ido da hannun kwat.

"Kuka kake yi a rigar mutane?" in ji Kaka a hankali.

"Hayaƙin birkinki ne. Kaka, wannan shaida ce ko zagi?"

"Ka taɓa jin na raba su?"

"Na ɗauka kin ce za ki kira ni mala'ika."

"Mala'ika yana da fiffike. Kai ko ƙafa aro kake yi." Ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa ƙofar mota. Ta sa hannu a jaka ta ciro koriyar tutar Yafet, ta naɗe ta da kyau, ta cusa masa a aljihun kwat. "Ungo. Ka kayar da ni yau, mijin wahala. Layi a buɗe yake, na sallame ka. Kada ka mayar wa mai kwat har da tutar."

Andrawus ya dafe aljihun da hannu biyu. "Na gode, matata. To, jar fa?"

Kaka ta riga ta juya ta nufi ƙofa, inda Yemima ke fitowa da kujera a ka.

"Wannan ta sabon gadi ce. Zo nan, 'yata, in nuna miki inda ake latsawa a birkin hannu."